Kun manta da satar 1007

Na ji daɗin labarinku kan Littafin Kells na ƙasar Ayalan, Linjila huɗu da aka rubuta da Latin a fatar maraƙi wajen shekara ta 800. Amma kun tsallake satar da aka yi masa a shekara ta 1007. Ɓarayi sun ɗauke shi daga cocin Kells, suka ɓalle bangon zinariyarsa, sai bayan wata biyu da 'yan kwanaki aka tsince shi a binne. Wallahi abin ya taɓa min zuciya.

Ku nemo hoton shafin littafin mai ɗauke da sunan Almasihu a intanet, ku duba can ƙasa: ga kyanwoyi da ɓeraye, ga dabbar ruwa da kifi a baki. Warƙa 340 suka rage, suna Kwalejin Trinity a Dublin.