Idan tsoho ya ce "da sauƙi" a ɗakin gaggawa

Hunturun da Hajiyarmu ta zo mana barka a Manchester, wata rana ta yi sallar Magariba sau biyu, sannan ta kira ni da sunan ƙaninta da ya rasu tun ina firamare. Jikinta ba zafi, ba ta tari, ba ta kuma nuna inda ke mata ciwo ba. Maiɗakina ta ce baƙunta ce da sanyin ƙasar. Ni a raina na ce rikicin tsufa ya ƙwanƙwasa ƙofa. Da a gida ne, na san yadda za a yi: a dama mata kunu, a tofa mata addu'a, a ce a bari a ga wayewar gari. Wata maƙwabciyarmu 'yar Kumasi, mai aikin kula da tsofaffi, ita ta leƙo ta dube ta, ta ce mu tashi yanzu-yanzu.

A sashen gaggawa na nan, riga zuwa ba ya sa a riga ganin likita. Nas ce ke fara duba mutum, cikin 'yan mintuna ta ba shi launi. A wannan garin ma aka ƙirƙiri tsarin, likitoci da nas-nas na asibitocin Manchester suka fara haɗa shi a 1994, daga baya ƙasashen Turai da yawa suka ɗauka. Ja, a gan ka nan take. Ruwan goro, cikin minti 10. Ruwan ɗorawa awa ɗaya, kore awa biyu, shuɗi awa huɗu. A takarda ke nan, zan dawo kan wannan.

Gabanmu akwai wani saurayi da ya yanke hannu, jini ya jiƙa tawul, yana ta ɗaga murya. Hajiya tana kan kujera ta lulluɓe da mayafi, shiru kamar tana lazimi. Nas ta ce in tambaye ta yaya jiki. Na tambaya. "Ce mata da sauƙi, alhamdulillahi." Saura kaɗan in fassara haka in yi shiru. Sai nas ɗin ta juyo gare ni ta ce: haka take jiya? Na ce a'a, jiya ita ta yi mana tuwo, har tana yi mini faɗa kan man girki. Nan take ta sa aka shiga da ita, saurayin nan yana kallo. Hoton ƙirji ya nuna limoniya.

Tun daga ranar nake bibiyar wannan batu, kuma abin da na fahimta shi ne jikin tsoho ba ya kai ƙara yadda na yaro ke yi. Ƙwayar cuta na iya shiga jininsa ba tare da zazzaɓi ba. Ciwon zuciya na iya kama shi ba ciwon ƙirji, musamman mai ciwon suga, sai dai kasala ko haki ko amai. Wasu magungunan hawan jini suna hana zuciya sauri, sai na'ura ta nuna bugu daidai alhali jini na zuba a ciki. Wanda ya shekara 20 da hawan jini, ranar da awonsa ya sauko ya yi kama da na lafiyayyen matashi, wataƙila ranar ce ya fi shiga haɗari. Sau da yawa alama ɗaya tak ake samu: ruɗewar da ta zo kwatsam, ko faɗuwa, ko ƙin abinci. Shi ya sa a 2017, da ƙungiyar likitocin Ingila ta sabunta ma'aunin da ake ba marar lafiya maki bisa numfashi da bugun zuciya da zafin jiki, ta saka sabuwar ruɗewa a ciki, maki uku ita kaɗai, wanda ya isa a kira likita da gaggawa.

Mu kuma abin da suke ba maki uku shi muke kira rikicin tsufa mu yi murmushi. Rikicin tsufa na gaske a hankali yake zuwa, wata da watanni. Wanda ya zo tsakanin Azahar da Isha ciwo ne, kuma galibi yana da magani.

Kada a ɗauka na zo yabon Turawa. Gwajinsu ma yana da makanta. Akwai 'yan tambayoyin da ake yi wa tsoho don gane ruɗewa: shekarunka nawa, yaushe aka haife ka, wace shekara muke, lissafo watanni da baya tun daga Disamba. Hajiya ko tana garau ba za ta ci wannan jarrabawa ba. Fasfonta ya ce 1 ga Janairu, kamar na rabin tsararrakinta, ita kuwa lissafinta shi ne tana 'yar talla lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo Kano a 1956. Watanninta su ne na Azumi da Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah. Da ba na wurin, ko dai a rubuta ta daɗe da gigicewa, ko a karɓi "da sauƙi" a ba ta kore. Tsofaffin Turawan ma suna da tasu "da sauƙi", sai ka ji tsohuwa ta karye tana ba nas haƙuri wai ta ɗora mata ɗawainiya. Bambancin shi ne da yawansu su kaɗai motar asibiti ke kawowa, babu mai cewa ga yadda suke jiya. Har wani ma'auni ake amfani da shi mai hawa tara, wanda likita Kenneth Rockwood na Kanada ya fito da shi, na auna ƙwarin tsoho, kuma ƙa'idarsa ita ce a duba yadda mutum yake mako biyu kafin ciwon. Wa zai faɗa, in ba wanda ke zaune da shi ba?

Sannan ga jira. Gwamnati ta ce kashi 95 cikin 100 na masu zuwa gaggawa a gama da su cikin awa huɗu, amma rabon Ingila da cika wannan alkawari tun 2015. Launi yana kai ka ga likita da wuri, ba ya haifar da gado. Hajiya ta kwana a kan gadon turawa a baranda, ƙarƙashin fitila, ina riƙe da butarta. Wani bincike da aka yi a asibitocin Faransa a Disambar 2022 kan 'yan shekara 75 zuwa sama ya gano cewa cikin waɗanda suka kwana a sashen gaggawa kusan kashi 16 cikin 100 sun rasu a asibiti, waɗanda aka ba gado a ɗaki kafin tsakar dare kuwa kashi 11.

A gida Najeriya lamarin juye yake. Tsoho ba ya zuwa asibiti shi kaɗai, 'yan jinya biyar ke rako shi, kowannensu ya san abin da ya ci jiya. Ladabi ma akwai, za a tashi a ba shi benci, a ce sannu Baba. Amma benci ba likita ba ne. Layin da na sani a wuraren da na yi jinya, kati ne ke tsara shi, da wanda ya san wani, da wanda jininsa ke zuba a fili. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai buƙatar agajin gaggawa, sai dai a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun mutane yake fita, takardar sayo safar hannu da ledar ƙarin ruwa kan riga likita isowa. Kawuna ya zame a banɗaki, aka ce ai faɗuwa ce kawai, aka kira maɗori. Ƙugu ne ya karye. A Ingila ana ƙoƙarin yi wa irin wannan karaya tiyata cikin awa 36, don an san kwanciya ce ke kashe tsoho. Kawu bai sake takawa ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne tantancewar ba ta da tsada. Afirka ta Kudu ta haɗa nata tsarin launuka tun 2006, an tsara shi don asibitin da ma'aikata suka yi kaɗan, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta ɗauke shi zuwa wasu ƙasashe. Nas ɗaya a bakin ƙofa, kafin tebur ɗin kati, da abin awon jini da agogo, da tambayar nan guda: haka yake jiya? Amsar tana tsaye a bayan Baba riƙe da fulas, ba a dai tambaye ta ba, ita ma kunya ta hana ta ƙaryata "da sauƙi" a gaban mutane.

Hajiya ta koma gida bayan Ƙaramar Sallah. Na rubuta wa ƙanwata sunayen magungunanta a takarda, na ce ta ajiye a jakar hannu, kuma duk ranar da Hajiya ta maimaita sallah ko ta ɓata sunan wani, kada a jira safiya. Da Hajiya ta ji, cewa ta yi a faɗa mini ita ba ta taɓa maimaita wata Magariba ba.