Motar haibirid: Dillali ya faɗi abin da take sha, ya ɓoye abin da za ta ci

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kowane mai haja ya samu sabon bakin talla. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin shekarar 2024 ta ƙare kuma ta tsallake naira 1,000. A cikin wannan ƙunci dillalan motoci suka gano abin da zai buɗe aljihun ma'aikaci. Yanzu da wuya ka leƙa TikTok ko Facebook ba ka ci karo da matashi ya jingina da Prius ko Camry haibirid (motar da ke haɗa fetur da lantarki) ba, yana kaɗa makulli yana rantsuwa cewa wannan ba ta shan mai, shinshinawa kawai take yi. Shi dillali sana'arsa ke nan, ba na ganin laifinsa sosai. Waɗanda suka tunzura ni su ne 'yan boko masu digiri da suka ɗauki wannan talla suna maimaitawa a ofis da majalisa kamar karatu, har suna yi wa mai tsohuwar Corolla kallon wanda zamani ya bari a baya.

Ita fasahar ba ni da ja a kanta. Toyota ta fito da Prius a Japan tun 1997, kuma dabarar mai kyau ce: injin fetur da injin lantarki suna taimakon juna, ga babban batir a wajen kujerar baya, wanda ke samun caji daga injin da kuma duk lokacin da aka taka birki. Wanda ya saye ta sabuwa fil a Tokyo ko Landan ya more. Tambayata ita ce, wace haibirid ake sayar mana a Kano da Kaduna da Abuja? Akasari ƙirar 2008 ce zuwa 2013, wadda wani ya gama morewa a Amurka, aka yi gwanjonta, ta sha gishirin teku, ta yi watanni a ajiye a tashar jirgin ruwa, sannan ta iso hannun dillali ya wanke ta ya goge.

A yawancin jihohin Amurka, garantin da Toyota ke bayarwa a kan batirin waɗannan motoci shekara 8 ne ko tafiyar mil 100,000, wato kimanin kilomita 160,000. Sai daga ƙirar 2020 aka ɗaga shi zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Ke nan motar 2010 garantinta ya ƙare tun 2018. Baturen da ya sayar da ita ya san lissafinsa. Ya ci moriyar shekarun da batir ke da ƙarfi, da ya hango ranar canji na matsowa sai ya rabu da ita. Sabon batir a can ya kai dala 2,000 zuwa sama. Ka buga wannan da canjin da ya haura naira 1,500 a kan dala a 2024, za ka ga miliyan uku ta tashi tun kafin a yi maganar kuɗin jirgi da na kwastan. Wannan shi ne bashin da ke kwance a bayan kujera, kuma ba ya cikin cinikin da aka yi da kai.

To, nawa ma ake tsimin? Mu ɗauki Camry ƙirar 2012, wadda ta cika titunanmu. A alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka, mai fetur zalla tana yin mil 25 a galan ɗaya a cikin gari, haibirid kuma mil 43. Wannan bambanci ne babba, ban musa ba. Amma a babbar hanya, mai fetur tana yin mil 35, haibirid 39. Idan aka mayar da shi lissafinmu, kimanin kilomita 15 ke nan a lita da kuma 16 da rabi. Daga Abuja zuwa Kano, tafiyar kilomita 400 da 'yan kai, abin da za ka rage bai wuce lita uku ba. Dalilin a fili yake: ribar haibirid tana cikin tsaya-tafi, wajen birki da cunkoso, inda injin fetur ke mutuwa lantarki ya karɓa. Da ka hau dogon titi ka danna totur, injin fetur ne ke jan motar, har da nauyin batirin a kansa. Ma'aikacin da ke zuwa gida Katsina ko Gombe duk ƙarshen mako da sunan ya sayi motar tsimi, lita ukun nan ce rabonsa.

Ko a cikin garin ma, sai a yi lissafi da hankali. A ce mutum yana yin kilomita 1,000 a wata, yana rage lita 35 ko 40. A naira 1,000 kowace lita, dubu arba'in ke nan a wata idan komai ya tafi daidai, abin da bai kai rabin miliyan ba a shekara. Sai ka cire ƙarin kuɗin da ka biya wajen saye, don dillalai sun ɗaga farashin haibirid tun da suka ga ana rububinta. Batir ya mutu sau ɗaya, tsimin shekaru ya tafi. Kuma alƙaluman can na sabuwar mota ne mai lafiyayyen batir. Batirin da ya tsufa ba ya riƙe caji, don haka injin fetur ba ya samun hutu, motar na shan mai kusan kamar kowace mota, mai ita kuwa yana ta yaba ta a majalisa don kada a ce an cuce shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake magana kamar yanayinmu da na Amurka ɗaya ne. Babu abin da ke tsufar da batir kamar zafi. Batirin waɗannan motoci da iskar cikin mota ake sanyaya shi: akwai 'yar kafa a gefen kujerar baya, da fankar da ke zuƙo iska tana hura masa. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke wuce digiri 40, wace iska fankar za ta zuƙa a motar da ta yini a rana? Ga shi mutumin da ya sayi motar don tsimin mai shi ne mutumin da ba ya kunna esi, don kada ta sha masa mai. Sai ya sauke gilasai, ƙurar hunturu ta shiga, ta taru a fankar ta toshe ta. Yara su cika kujerar baya, ko a tura buhun kaya ya rufe kafar gaba ɗaya. Da hannunsa yake dafa batirin, kuma babu wanda ya taɓa nuna masa inda kafar take, don shi kansa dillalin da wuya ya sani.

Sai maganar gyara. Kanikawanmu gwanaye ne, sun raya Peugeot 504 shekara da shekaru bayan Faransa ta manta da ita. Amma wannan motar ba ta da kik irin wanda suka saba, ba ta da altaneta, ba a tura ta ta tashi. Wayoyin nan masu ruwan lemo wutar da ke cikinsu ta haura bolt 200, tana iya kashe mutum. Kwamfiresan esinta na lantarki ne, yana da mansa na musamman wanda ba ya ɗaukar wuta. Mai gyaran esi ya zuba masa man da ya saba zubawa, an jawo sabuwar matsala. Injin ƙirar baya-bayan nan bakin mai mara kauri yake so, 0W-20, amma a gareji da yawa mai kauri 20W-50 ake ɗurawa kowace mota. Ko janwe ma, idan aka ja ta ƙafafun gaba na birgima a ƙasa, ana iya lalata giyarta. Akwai waɗanda suka iya aikin a Abuja da Legas da Kano, amma ƙalilan ne, kuma sun san ƙalilan ne, kuɗinsu ma ya nuna. Ranar da jan triangul, wato alamar gargaɗi, ya kama a dashbod kana tsakanin Potiskum da Damaturu, wa za ka kira?

Daga nan ne kasuwar “gyaran batir” ta samo asali. Batirin Prius guntaye 28 ne aka jera. Sai a buɗe, a ciro ɗaya ko biyu da suka mutu, a sa wasu tsofaffi da aka ciro daga wata motar, a rufe, a ce an yi. Sauran guntayen duk sa'o'in waɗanda suka mutu ne, tare suka tsufa, don haka bayan 'yan watanni wani ya bi sahu. An gudu ba a tsira ba. Mafi muni, da 'yar na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari ana iya goge alamar gargaɗin, motar ta yi lafiya lau na kwana biyu, daidai lokacin da mai saye zai zagaya da ita ya biya la'ada. Ƙara da motocin da ambaliya ta shanye a Amurka, kamfanin inshora ya yi watsi da su, aka kwaso a gwanjo da araha. Ruwa a motar fetur matsala ce, a motar da rabinta lantarki ne kuwa bala'i ne mai jiran lokaci.

Masu kare ta za su ce ai akwai tasi-tasi na Prius da suka yi ɗaruruwan dubban kilomita da batirinsu na asali. Haka ne, a garuruwan da ake duba mota a kan lokaci, kuma tun tana sabuwa. Masu maganar sauyin yanayi kuma, su fara gaya mana inda matattun batiran za su ƙare a ƙasar da 'yan gwangwan ke fasa komai da guduma. Ita kuwa motar da ake jonawa da wuta a yi mata caji, ban ga abin ɓata tawada a kanta ba: wanda ke rukunin Band A, na masu samun wuta mafi yawa, ya ga yadda kuɗin wuta ya koma naira 225 a kan kowane yunit a Afrilun 2024, wanda ba ya rukunin kuma wutar ce babu. Caja mota da janareto mai shan fetur don a rage shan fetur, wannan sai dai a ba da labari.

Ba na cewa kowa ya guje ta. Direban da ke yini a cunkoson Legas ko Abuja yana ɗaukar fasinja, wanda ke yin ninkin tafiyar ma'aikaci sau uku ko huɗu, kuma ya san bakaniken da ya iya, lissafinsa zai iya fita. Mai kuɗin da zai sayi sabuwa da garantinta ma ba da shi nake ba. Da malamin makaranta nake, da ma'aikaciyar asibiti, waɗanda ke sayar da fili ko su ci bashin ƙungiyar adashin ofis su sayi motar da ta shekara goma sha biyar, don an ce musu ba ta shan mai.

Hukumar NADDC da ke kula da harkar motoci tana yawan maganar motocin lantarki da na gas. Kamata ya yi ta fara da horar da kanikawa a Kofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna da Apo ta Abuja kafin taron baje koli na gaba. Kwastan da hukumar kare haƙƙin masu saye su tilasta a nuna shaidar lafiyar batir kafin a sayar da irin wannan mota. Kafin su farka, duk dillalin da ya rantse maka batirinsa garau ne, ce masa ya rubuta maka garantin shekara ɗaya ya sa hannu a gaban shaidu. Ka ga ko zai ɗauki biron.