Shekara 120 ɗin nan, da me aka auna ta?

Allah ya jiƙan wannan baiwar Allah, ya sa Aljanna makoma. Amma shekara 120 da wani rahoto ya ce wannan Goggo ta yi kafin rasuwarta a cikin birnin Zariya tana buƙatar a sake duba ta. In haka ne, an haife ta ke nan a farkon sarautar Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, tun jirgin ƙasa bai iso Zariya ba, kuma ɗan farinta da yanzu ya haura ɗari. Matan wancan zamani ba su da takardar haihuwa, don haka da aure ake lissafi: a zamanin wane sarki aka kai ta ɗaki? Yawanci ana aurar da su suna da 13 zuwa 15. In zamanin Sarki Ja'afaru ne, 1937 zuwa 1959, ba ta kai 120 ba ke nan, sai a tambaya ko tana da goyo lokacin zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna a 1956, da wanda take yaye sa'ad da naira ta maye gurbin fam a 1973. Mai cewa iyalinta sun fi kowa sani, ba a ƙi ba, sai dai in da Hijira suka ƙirga, duk shekara 33 ana samun ƙarin guda. Abin da ya fi damuna, mai rahoton ya lissafa jikoki da tattaɓa-kunne, bai faɗi sana'arta ba. Kaɗi take yi ko ƙuli-ƙuli, 'ya'yan riƙo nawa ta aurar, wa ya tambayi 'ya'yanta mata?