An Tare Ni A Ƙofa, Inna Tana Sama Tana Jira

Ranar Juma'ar da ta wuce na tashi daga aiki da ƙarfe takwas na dare, na nufi gidan kula da tsofaffi da ke Bronx, a birnin New York na Amurka, inda mahaifiyata take kwance shekara uku ke nan tun da ɓarin jikinta ya shanye. Ina riƙe da kwanon tuwon shinkafa da miyar kuka, domin ta kira ni da rana tana cewa ta kasa cin abin da aka ajiye mata. Matar da ke teburin shiga ko kai ba ta ɗaga daga wayarta ba.

"Lokacin ziyara ya ƙare," in ji ta.

Na yi mata bayani cikin ladabi cewa ni ɗanta ne, na faɗi lambar ɗakin.

"Kowa ma ɗan wani ne," ta ce.

Na haɗiye wannan, na gaya mata cewa dokar tarayya ta ba dangi na kusa damar shiga wurin majinyaci a kowane lokaci muddin shi majinyacin yana so. Sai a lokacin ta ɗago, ta ƙare mini kallo tun daga hula har takalmi, ta ce in ina da doka in kai ta ofis ranar Litinin. Sannan ta nuna kwanon da bakin biro, kamar wadda ta ga ƙazanta, ta ce wannan abin yana wari, ba zai hau sama ba. Abincin da uwata ta raine ni da shi ne aka ce yana wari, a gaban mai gadi da wasu baƙi biyu, alhali ƙa'idojin da gwamnatin tarayya ta kafa wa gidajen tsofaffi a 2016 sun bayyana ƙarara cewa ba a hana mazaunin gida cin abin da iyalinsa suka kawo masa.

Minti arba'in na yi a tsaye kafin shugabar ma'aikatan dare ta sauko ta ba ni izini. Na tarar da Inna idonta biyu a cikin duhu, zanin gadonta a jiƙe, maɓallin kiran taimako kuma an rataye shi ta ɓangaren hannun da ba ya motsi. "Ɗan nan, na ɗauka ba za ka zo ba," ta ce. Na ce, "Inna, ki gafarce ni, aiki ne ya riƙe ni," domin ban iya gaya mata gaskiya ba.

Duk mai tsoho a irin waɗannan gidaje ya san sauran. Sau nawa muka roƙi mace ta riƙa yi mata wanka aka turo namiji? Carbinta ya ɓace, hijabanta sun shiga wanki ba su dawo ba. Bara da na ga tabo a damtsenta, ta nemi ganin takardun jinyarta, waɗanda doka ta ce a nuna cikin sa'a 24 ban da ranakun hutu, sai da muka yi mako uku muna zarya.

Dokar da ta kare haƙƙoƙin mazauna gidajen tsofaffi tun 1987 Shugaba Reagan ya sa mata hannu, kuma haƙƙoƙin suna nan manne a bango kusa da teburin matar da ta kore ni. Laifin gwamnati ne da take zuba kuɗin Medicaid, wato shirin biyan kuɗin jinyar masu ƙaramin ƙarfi, cikin aljihun masu gidajen ba tare da ta tsaya a kansu ba. A 2024 an kafa ƙa'idar cewa kowane majinyaci ya samu kulawar kimanin sa'a uku da rabi a rana, amma a watan Afrilun 2025 wata kotun tarayya a Texas ta rushe ta, majalisa kuma ta ɗage aiki da ita har 2034. Wace tsohuwa ce a benen Inna za ta kai 2034? Kuɗin kashewa mafi ƙanƙanta da tarayya ta ce a bar wa majinyaci dala 30 ne a wata, kuma tun 1988 ba a ƙara ko sisi ba.

Mu ma Hausawa muna da namu kason laifin. 'Yan uwa a gida suna zagin wanda ya kai uwarsa gidan tsofaffi, ba su san kuɗin haya da aikin dare ba, sai kunya ta sa mu yin gum, ko a masallaci ba ma faɗa, masu gidajen kuwa sun gane cewa baƙo mai jin kunya ba ya kai ƙara. Ni na kai. Ranar Litinin na kira jami'in jiha mai sauraron koke-koken mazauna gidajen tsofaffi, na ba shi rana da lokaci da kalmomin matar ɗaya bayan ɗaya, kuma Juma'a mai zuwa da tara saura zan koma ƙofar nan da kwanona.