Ba azara ce ke kayar da tsohon soro ba

Da rufin tsohon soro ya fara zuba, sai ka ji ana cewa azara ta tsufa, a kwashe ta a sa katako. Wannan kuskure ne, kuma ya jawo asarar gine-gine masu daraja a ƙasar Hausa.

Azara daga giginya ake faskara ta, an fi son namijin, kuma ɓangaren waje mai baƙin zare ake ɗauka, a bar tsakiyar mai laushi. Wannan taurin ne ya sa gara ba ta cika samun sa'arta ba, alhali farin katakon kasuwa abincinta ne. Dubi tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830. Azara ce aka jera hawa-hawa cikin ƙasa ta ɗauki bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufin.

Ruwa ne ke yin ɓarnar. Indararo ya toshe, ko a yi sakaci da yaɓen rufi kafin damina, sai laima ta ratsa ta zauna a bakin azarar da ke cikin bango. Nan take ruɓewa, sauran jikinta kuwa lafiya lau. Yaɓen siminti ma ƙara kulle laimar yake yi.

Magini gwani yakan ƙwanƙwasa kowace azara ya saurari ƙararta. Wadda ta mutu kaɗai zai zare, bayan ya tokare rufin, ya mayar da wata azarar a gurbinta, sannan ya gyara hanyar ruwa.