Ba kowace bishiya ce ke cutar gona ba

Sai ka ji mutum na cewa a sare duk bishiyar da ke gona wai inuwarta na hana gero tashi. To ai banda gawo, shi fa a juye yake aiki, damina na sauka yake kakkaɓe ganyensa sai rani ya sake toho, kenan babu inuwar da za ta danne shuka, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki. Ga saiwarsa na ƙara wa ƙasa naitirojin, sinadarin nan da muke zuba kuɗi a buhun yuriya saboda shi. Awaki ma su taru cin 'ya'yansa su bar kashinsu a wurin. Leƙa gonakin Magarya da Matamaye a Damagaram, geron gindin gawo ya fi duhun ganye da manyan zangarniya.