Lissafin dokin Rano

To, an tafa. Mu ma mun tafa, tunda Darakta na zaune. Rahoton wata uku na ofishinmu na bayar da lasisin sana'a ya hau allo, zane-zane kore shar kamar gonar dawa a tsakiyar damina. Ana cikin haka sai wani ya gyara wuyan riga ya ce wai “akwai ɓangaren da ke kwanciya a kan fayil”. Ban tanka ba, ruwana kawai na kurɓa.

Amma dai an karɓa daban, an bayar daban: karɓar fayil ba bayar da lasisi ba ne. Duk wanda ya taɓa zama ofishin bayar da lasisin sana'a ya san wannan. Ka kwashi masu sabuntawa ka zuba cikin sababbin shiga, ka fara ƙirga kwanaki daga ranar da fayil ya iso teburinka ba daga ranar da mutum ya biya kuɗinsa ba, wanda aka mayar saboda hoto bai fita ba ka rubuta masa “an kammala”. Haka ake samun kore.

Yarinyar nan mai ambulan ruwan ƙasa fa? Zuwanta uku daga Gusau, rasit ɗinta ya sha ninki har lambar ta fara gogewa, asibiti ya ce ba aiki sai da lasisi a hannu. A rahoton wasu tuni an sallame ta. Jiya ma a kan benci na bar ta.

An karɓa daban, an bayar daban, Malam.

Kuma an manta tun 2015 kuɗi asusun bai-ɗaya na gwamnati suke shiga, Remita, manhajar da ake biya ta cikinta, na riƙe da ranar biya. Odita ba ya kallon launi, rasit yake jerawa kusa da rajista.

Ni ce mai kwanciya a kan fayil? Ni? Wa ya zauna har bayan isha'i yana tantance shaidar makaranta lokacin da wasu ke otal a Abuja wajen bita? Adadina kaɗan ne, na yarda, amma kowane ɗaya akwai sa hannun mai shi a littafi. Ban taɓa cin kuri ba, ban kuma hau mataki da gumin wani ba. Wallahi an kai ni bango.

Ban kama suna ba. Littafin rajista na kan teburina a buɗe, Litinin ƙarfe 8. A zo da kalkuleta.